Bencin da ke Bayan Injin Niƙa

Na yi shekara ashirin da 'yan kai ina shan taba sigari, amma ban taɓa kunna ko kara ɗaya a gidana ba, ko a gona, ko a bakin hanya. Wuri ɗaya nake sha, bayan ɗakin injin niƙa da ke ƙarshen garinmu, ta hanyar da ke fita Kiyawa. Akwai ɗan lungu a wurin, tsakanin bango da duron ruwan da ke sanyaya inji, daidai inda salansar injin ke feso baƙin hayaƙi. An ajiye wani benci mai ƙafa uku, an tokare gefe ɗaya da bulo. Nan nake zuwa kullum bayan La'asar.

Mai injin sa'ana ne. Tare muka yi firamare, tare muka tsaya a aji shida. Shi kowa ya san yana sha, kuma bai damu ba. Shi yake sayo mana, ni ban taɓa tsayawa gaban mai tebur na ce a ba ni taba ba. Ƙarar inji ta cinye masa rabin ji, saboda haka ba ma wata doguwar hira. In ya sallami masu niƙa sai ya kashe inji ya zagayo, fari fat da gari har gashin ido, ya zauna ya miƙo mini kara. Mu sha bibbiyu muna kallon gonakin da ke bayan gari. Wata rana duk abin da zai ce shi ne, "Hadari," ya nuna gabas da haɓa. In ce, "Allah ya sauke lafiya." Ya ji ko bai ji ba, sai ya gyaɗa kai.

Na zaɓi wurin ne saboda warin dizal yana danne kowane wari. In na koma gida maiɗakina takan kakkaɓe mini riga ta ce, "Malam, kai da injin nan, ko dai da hannun jarinka a ciki?" In yi murmushi kawai.

Duk da haka ban yarda da dizal kaɗai ba. Kafin Magariba sai na kurkure baki sau bakwai, na yi asuwaki, na goge yatsu biyu da toka, na tauna kanumfari, na bi da ɓarin goro. Na taɓa ji a wurin karatu cewa wanda ya ci albasa ɗanya bai kamata ya matsi mutane a masallaci ba, har mala'iku suna cutuwa da warin. Tun daga ranar nake tambayar kaina: albasa ma ke nan, wadda halal ce, to ina ga wannan? Don haka nakan riga kowa zuwa masallaci, saboda tsoron kada kabbarar farko ta wuce ni, amma ba na shiga sahun gaba. Ina tsayawa a bakin ƙofa ina cewa, "Bismillah, ku wuce," har sai an cika, sannan in tsaya a ƙarshen sahun baya kusa da taga, in riƙa numfashi kaɗan-kaɗan.

Tari ne ya fara tayar mini da hankali. Wata rana bayan girbi ina dawowa daga Dutse a kan keke, a ɗan hawan da na saba hayewa ba tare da tunani ba, ƙirjina ya riƙe, sai da na sauka na tura. Da na isa gida na yi alwala, na shiga ɗaki ni kaɗai, na ɗora hannu a kan Alƙur'ani na rantse na bari. Na yi kwana huɗu. A na biyar ƙafafuna suka kai ni bayan inji kamar ba ni nake juya su ba.

Karya rantsuwar ya fi tarin damuna. Ba zan iya tambayar Limaminmu ba, sai na koma Dutse na sami wani malami a masallacin kasuwa wanda bai san ni ba. Na ce wani maƙwabcina ne ya aiko ni, ya rantse zai bar wani abu ya kasa. Malamin ya ce kaffara ce a kansa: ya ciyar da miskinai goma, ko ya tufatar da su, in ba shi da hali ya yi azumin kwana uku. Ina miƙewa tari ya sarƙe ni. Ya bi ni da kallo ya ce, "Ka gaida maƙwabcin naka, ka ce ya nemi maganin tari."

Na buɗe rumbu na auni gero mudu goma, kowanne na yi masa tozo don kada ya gaza. Na ƙulla a leda na bi gidajen tsofaffi da matan da mazansu suka rasu. Da na dawo sai na tuna ɗaya daga cikin tsofaffin yana da awaki biyu. Mai awaki biyu miskini ne? Na kasa cin tuwo sai da na auni na sha ɗaya na kai wa wani. Bayan wata guda na sake rantsewa, don na ɗauka ta farkon ba ta yi ƙarfi ba ne. Ita ma na karya. Na sake auna gero. A ta uku maiɗakina ta leƙa rumbu ta ce, "Malam, ɓerayen bana da mudu suke zuwa?" Daga nan na koma azumi. Amma shi ma bai kwantar mini da rai ba, tunda malamin cewa ya yi sai in ba hali, ni kuwa ga sauran gero a rumbu. To azumin ya karɓu? Wani lokaci sai in haɗa duka biyun.

A gari irin namu ba a ɓoye azumi. In aka dama fura a gindin darbejiya da rana aka ce bismillah, dole ka faɗi dalilin da ya sa ba ka sa ludayi ba. Mutane suka lura ina azumi ba Litinin ba, ba Alhamis ba, kwana uku a jere. Tsofaffin da na kai wa gero suka riƙa sa mini albarka a bainar jama'a. Wata gyatuma ta tare ni a hanya ta ce in tofa wa jikarta addu'a a ka. Na tofa, ina kawar da baki gefe. Mutum ɗaya ne ya san gaskiya. Duk ranar da na koma benci bayan 'yan kwanaki, mai inji yakan ɗaga murya kamar yadda masu ciwon kunne suke yi, ya ce, "Ustazu! Wannan karon kwana nawa aka yi?" In nuna masa da yatsu. Ya ce, "An ci gaba," ya miƙo ashana.

Ana haka tsohon ladaninmu ya gaza, ɗansa ya zo ya tafi da shi Ringim. Bayan sallar Azahar Liman ya ce jama'a su ɗan dakata. Dattijo ne da ya haura tamanin, sa'an mahaifina, ba ya magana da ƙarfi. Ya ce sun yi shawara da dattawa, sun ga ba sai an je nesa ba. Akwai wanda yake riga kowa zuwa masallaci amma yake bin bayan kowa a sahu, hannunsa a sake, ga yawan azumi. Sai na ga an juyo ana kallon wajen taga.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, akwai waɗanda suka fi ni karatu nesa ba kusa ba."

Liman ya dubi dattawa ya ce, "Kun ji ko? Abin da nake faɗa muku ke nan."

Duk abin da na faɗa don in kuɓuta, sai a ƙara lissafa shi cikin kyawawan halayena. Aka damƙa mini makulli.

Lasifikar masallacinmu tana da abin magana guda ɗaya, an naɗe kansa da farin hankici an ɗaure da roba saboda yawu. Ladan ya kira salla da shi, ya tayar da iƙama da shi, sannan ya miƙa wa Liman ya ja salla bakinsa dab da hankicin. Ban taɓa tunanin wannan ba sai a Magaribar farko, ina tsaye da abin a hannu, ban fi sa'a ɗaya da tasowa daga benci ba. Na fara kira. Da na kai wurin da ake jan murya, numfashi ya yanke mini a tsakiya, tari ya biyo baya, lasifika ta kwashe shi ta watsa wa gari har bakin gonaki. Bayan salla na tsaya sai da kowa ya fita, na shinshina hankicin. Ban ji komai ba, amma na san hancin mai sha ba ya jin warin kansa. Na kwance shi na kai gida na wanke. Na sayo wasu guda uku a kasuwar Shuwarin, na riƙa sauyawa tsakanin kiran salla da iƙama, ina juya wa jama'a baya. Liman ya lura, ya yaba wa tsaftata a gaban mutane.

Na yi rantsuwa ta bakwai. Ta yi kwana biyar. Ranar da na karya ta ban auni gero ba, ban ɗauki azumi ba. Na ga in na sake yi, wani yabon zan ƙara jawo wa kaina, kuma tsohon nan zai ci gaba da karanta Fatiha a cikin hayaƙina.

Da hantsi na sami Liman a zaurensa yana tufkar igiyar rama, ya maƙale bakinta a babban yatsan ƙafa. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye makulli a gefen buzunsa.

Ya ce, "Wani ya faɗa maka magana ne?"

Na ce, "A'a, Baba. Ni mashayin taba ne."

Bai daina tufka ba. Ya ce, "Ta gari ko ta kara?"

"Ta kara."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a haifi babbar 'yata."

"Wadda ke aure a Aujara? Ai ita ma ta yi 'ya'ya." Ya ja igiyar ya gwada ƙarfinta. "To azumin fa, da geron?"

Na faɗa masa komai, har da maƙwabcin ƙarya da na kai wa malamin Dutse. Ya fara dariya a hankali, kafaɗunsa suna rawa, sai da ya ga hawaye a fuskata ya tsaya.

Ya ce, "Sau nawa ka rantse?"

"Bakwai. Akwai kaffara ɗaya a kaina."

"Ka biya ta, sau ɗaya, kada ka ƙara komai a kai. Daga yau kuma ba kai ba rantsuwa. Sunan Allah ba turken ɗaure akuya ba ne da za ka riƙa kafawa kana tugewa. Ɗauki makullinka. Mu ladan muka nema, ba mala'ika ba."

Na ce, "Baba, ba ka taɓa jin wari a hankicin ba?"

"Hancina ya mutu tun wata mura da na yi shekarun baya. Ko daddawa aka buɗe a nan ba zan sani ba."

"Jama'a fa? Sun sani?"

Ya ce, "Sai ka bi su gida-gida ka tambaya. Ni faɗa mini, wane lokaci abin yake kama ka, kuma a ina?"

Na faɗa. Ya ce to daga yau bayan La'asar nan zan riƙa zuwa, yana da rama da yawa, hannunsa kuma ya gaji. Ya ƙara da cewa tarin nan ba na addu'a kaɗai ba ne, in je asibiti a duba. Na je Dutse, aka duba ƙirjin, aka ba ni magani. Ma'aikacin ya ce makonnin farko su ne masu wuya, in yawaita shan ruwa, in kuma guji wurin da na saba sha.

Haka na fara zaman zaure. Liman ya koya mini murza rama a cinya. Wasu dattawa biyu sukan zo su zauna, ɗaya yakan zo da dabino ko aya a aljihu, ya tura gabana ba tare da ya dube ni ba. Har yau ban san ko Liman ya faɗa musu ba, ko kuwa dama can sun sani tun shekaru suna kallona ina cewa ku wuce a bakin ƙofa. Na sha juya wannan a raina, ban taɓa samun ƙarfin tambaya ba. A gida ma haka. Kaina yana sarawa, ina yi wa awaki tsawa ba dalili, sai maiɗakina ta fara dafa mini shayi da citta da yamma. Na ji ɗanɗanon kanumfari a ciki na ɗaga kai. Ta ce, "Na ga ya taru a aljihunan rigunanka, na ce kada ya lalace." Ta ɗauki tsintsiya ta fita.

Kowa ya kyautata mini, amma ban taɓa jin kaɗaici irin na zauren nan ba. Su suna hirar taki da farashin dawa da wanda zai tsaya takara, ni kuwa na saba zama da mutumin da ba ya jiran in ce komai. Daga zauren ana jiyo injin. In ƙararsa ta ɗauke na san ya zagaya, na san ya zauna, na san yadda yake kare ashana da tafin hannu. Sai igiyar ta warware a cinyata, Liman ya miƙo hannu ya karɓa ya gyara ba tare da ya katse hirarsa ba.

A rana ta goma sha biyu Liman ya tafi ta'aziyya Kiyawa, na'ibi ya ja La'asar, zaure yana rufe. Na kulle masallaci na tsaya a rana da makulli a hannu. Na ce wa kaina gaisuwa kawai zan je yi, ai zumunci wajibi ne. Na san ƙarya nake yi, na kuma tafi.

Na tarar da shi a zaune, ya kunna sabon kara. A gefena na benci an ɗora buhun dusa.

Ya ce, "Ina zuwa, Ladan?" Bai ce Ustazu ba.

"Zama kawai zan yi."

"Me?"

Na matsa kusa da kunnensa na ce, "Zama!"

"Ba wuri. Ba ka ga kaya ba?"

Na ce, "Ɗaya kawai, mutumina. Ko rabi. Ko wanda ke hannunka ka rage mini."

Ya dubi karan, ya yar da shi ƙasa ya murje da silifa. A tsawon zamanmu ban taɓa ganin ya yar da taba ba sai ta kusa ƙona masa yatsa.

Ya ce, "Ka san abin da ka jawo mini? Baba Liman ya tako har nan da sandarsa. Shekara talatin ina niƙa wa gidansa, bai taɓa zagayowa bayan nan ba. Ya zauna a wurin nan naka, farar rigarsa ta kwashi baƙin mai. Na ɓoye kwalin taba a cikin hula kamar ɓarawo, na ce yau wa'azi zan sha. Bai ce in bari ba. Cewa ya yi amana ya kawo mini, wai duk garin nan ni kaɗai zan iya riƙe ta. Ni! Ni da ko sahu na biyu ban taɓa shiga ba."



Ya ce, "Kai ba ka iya sha ba dama. Mutum ya sha taba yana istigfari tsakanin zuƙa da zuƙa? Ka ɓata mini daɗinta shekara ashirin. Tafi, kafin in kira matan da ke jiran niƙa su zo su ga ladaninsu."

Babu wasu mata, na duba kafin in zagayo. Na ce, "To in ba zan sha ba, in zauna mana, kamar da."

"Za ka sha. In ka zauna za ka roƙa, in ka roƙa sau uku zan ba ka, na san kaina."

Na fara cewa, "Shekara ashirin muna..."

Ya nuna kunnensa ya ce, "Ba na ji!" Ya miƙe ya shige ɗakin, na ji yana juya hannun inji har ya tashi. Ba ko tiya ɗaya a cikinsa, bel kawai yake ta juyawa. Hayaƙin salansa ya cika lungun. Na daɗe a tsaye ina kallon buhun dusar, sannan na juya na bi ta bayan gari don kada a ga fuskata.

Damina biyu ke nan ban sa taba a bakina ba, ban kuma rantse ba. Ba na cewa na bari, don ina tsoron kalmar. Numfashina yana kai ƙarshen kira yanzu, har da ɗan saura. Hankici ɗaya nake amfani da shi, ina wanke shi ranar Juma'a. Igiyar da na tufka ta ɗaure rabin awakin garinmu, kuma har yanzu ina zuwa zauren, ko da yake hirar taki ba ta shige ni ba.

Da mai inji muna haɗuwa a wurin suna ko jana'iza. Yakan ba ni hannu biyu ya ce, "Ladan, ya jama'a?" kamar yadda kowa yake yi. Na ji yana tari a bayana wata rana a maƙabarta, irin tarin da na sani, na juya zan yi magana ya kawar da kai. Ba ni da bakin yi masa wa'azi, kuma ba zan iya zuwa in zauna ba.

A zamanin tsohon ladani inji bai taɓa tsayawa don kiran La'asar ba, mutanen wancan gefen sai dai su duba inuwa. Yanzu kuwa kullum, ina kunna lasifika ina gyara hankici, sai in ji ƙarar ta yi ƙasa ta ɗauke, gari ya yi tsit. Ba zai yiwu ya ji ni ba da wannan kunnen nasa, sai dai in agogo yake dubawa. Na ce ko saboda tsadar dizal ne, ko masu niƙa ne suka ragu, ko Liman ne ya roƙe shi. Ban tambaya ba. Nakan dai ɗan juya wajen hanyar Kiyawa in ja numfashi, in fara.